Feda na nutsewa bayan zagaye biyar a filin tsere: ta ina ake fara sanyaya birki?

Tambayar da aka aiko mini ita ce: "Malam, motata ta hawan yau da kullum ce, nauyinta kusan kilo 1,400. Sau uku ko huɗu a shekara nakan shiga filin tsere da ita, a ranakun da ake buɗe wa masu motocin gida. Zagaye ukun farko lafiya lau. Daga na biyar sai fedar birki ta fara nutsewa, ga ƙauri yana tashi daga tayoyin gaba. Wani ya ce in cire farantin da ke bayan faifan birki, wani ya ce in sayi faifai mai huji-huji, wani ya ce in ja tiyon iska daga bamba, wani kuma ya ce babu magani sai manyan kalifa. Wanne zan bi?"

Ɗan'uwa, duk waɗanda suka ba ka shawara kowa ya taɓo wani gefe na gaskiya, sai dai babu wanda ya tsaya a kan abin da ka faɗa da bakinka: feda ce ke nutsewa. Wannan kalma ɗaya ta rage mana rabin aiki, domin gazawar birki a filin tsere iri biyu ce, kuma ƙafa tana bambance su tun kafin a ɗaga mota a jak. Idan ka taka ka ji feda da ƙarfinta, tana nan daram, amma motar ta ƙi tsayawa kamar an shafa wa faifan sabulu, to fad ne, wato takalmin birkin da ke goga faifai, ya wuce zafin da aka yi shi dominsa. Ƙaron da ya haɗa garin fad ɗin ya fara ƙonewa, ƙaurin da kake ji ke nan. Idan kuwa fedar ce ta yi laushi, tana tafiya ƙasa, sai ka ɗaga ka sake takawa sau biyu kafin ta kama, to man birki ne ya tafasa a cikin kalifa, wato ƙarfen da fistin ɗinsa ke matse fad a jikin faifai. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake kai ƙarfin ƙafarka har taya. Tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ka zama kana taka iska. Kai kana da alamun biyun, amma na biyun shi ne mai kai mutum bango, domin ba ya sallama: a kwanar baya birki yana nan, a ta gaba babu.

Bari mu ɗan yi lissafi, don ka san girman abin da kake faɗa da shi. Motarka mai kilo 1,400, a ce ta taho da gudun kilomita 180 a awa a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, ka rage ta zuwa 80 don shiga kwana. Ƙarfin da aka zare daga jikinta a wannan taku ɗaya ya kai kusan kilojul 1,400. Wannan ya isa ya ɗauki lita 4 na ruwan sanyi ya kai su ga tafasa, kuma cikin daƙiƙa 3 ake yin sa. Idan aka juya shi zuwa ƙarfin doki, ya haura 600, wato birkinka ya fi injinka aiki nesa ba kusa ba. A motar da injinta ke gaba, wajen kashi 70 cikin 100 na wannan zafi tayoyin gaba ne ke shanye shi. Idan kowane faifai kilo 8 ne na ƙarfen zubi, taku ɗaya zai iya ƙara masa digiri 130 na ma'aunin Celsius ko kusa da haka. Kafin ya huce ga wata kwana ta zo. Shi ya sa zagaye ukun farko suke yaudararka: faifan yana tara zafi ne kamar tulu, kowane zagaye abin da ke shiga ya fi abin da ke fita, a na biyar tulun ya cika ya fara tumbatsa cikin fad da fistin da mai.

Ka kuma lura cewa lissafin nan da ninkin gudu yake tafiya. Gudu ya ƙaru da kashi 10, zafi ya ƙaru da kashi 21. Don haka duk ranar da hannunka ya faɗa, ko ka sa tayoyi masu kama ƙasa, birkin da ya ishe ka bara zai gaza maka bana, ba tare da wani abu ya lalace ba.

Nauyin mota da gudunta su ke yanke yawan zafin, babu wani ƙarfe da za ka saya ya rage shi. Abin da ke hannunka shi ne inda zafin zai je. Manyan faifai suna faɗaɗa tulun ne. Man birki da fad masu juriya suna ɗaga bakin tulun. Faranti na taitaniyam da ake sawa a bayan fad yana tare hanya. Iska ce kaɗai take kwashe zafin ta fitar da shi daga motar, shi ya sa a ƙarshe maganar takan koma kan tiyo. Amma ban yarda mutum ya fara da tiyo ba, ga dalili.

Yaushe rabonka da canza man birki? Mafi yawan waɗanda nake yi wa wannan tambaya sai su yi shiru su kalli sama. Man birki na DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 duk suna zuƙar danshi daga iska, sannu a hankali, ta bakin tanki da ta jikin tiyon roba. Ƙa'idar Amurka da aka ɗauko sunan DOT daga gare ta ta ce sabon DOT 4 kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa kashi 3.7 cikin 100, an yarda ya sauko har 155. DOT 3 kuwa daga 205 ne zuwa 140, DOT 5.1 daga 260 zuwa 180. Ka ga ke nan man da ya shekara biyu ko uku a mota zai iya yin asarar digiri 70 ko fiye, alhali a titi ba za ka taɓa ganewa ba. Kalifar da ta kai digiri 170 a zagaye na biyar ba ta da wani laifi idan mai sabo ne, amma da tsohon mai ta gama da kai. Akwai mayukan da aka yi don wannan aiki, kuma galibinsu DOT 4 aka rubuta a jikin gwangwaninsu duk da sun zarce ƙa'idar nesa. ATE Typ 200 yana da 280 yana sabo, 198 bayan ya sha ruwa. Motul RBF 600 ya haura 300 yana sabo. Castrol SRF ya yi suna ne saboda ko ya sha ruwa yana nan wajen 270, shi ya sa masu ƙyuyar canza mai suke son sa duk da tsadarsa. Abu ɗaya kawai zan ja maka kunne a kai: DOT 5, wanda babu ɗigo da ɗaya a bayansa, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, kuma ba a sa shi a mota mai ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Sunayen sun yi kama, abin da ke ciki ya sha bamban.

A zuƙe tsohon man gaba ɗaya, ba ƙari za a yi a kansa ba, kuma daga sabon gwangwani da ba a taɓa buɗewa ba. Duk ranar da mai ya tafasa sau ɗaya, ko da feda ta dawo bayan ya huce, a yi bilidin, wato a fitar da iskar da ke cikin man, kafin a sake fita.

Sai fad. Wanda mota ke zuwa da shi an yi shi ne don ya kama da sanyin safiya, ba ƙara, ba ƙura da yawa, kuma da dama daga cikinsu suna sakin jiki kafin digiri 400. Fad na filin tsere yana aiki har 700 ko sama, sai dai yana kuka, yana cin faifai, kuma da sanyi ba ya kamawa sosai, don haka masu hankali sukan ajiye saiti biyu su riƙa sauyawa. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne kauri. Naman fad shi ne katangar da ke tsakanin faifai mai digiri 600 da fistin. Fad da ya cinye rabi zai iya yi maka wata shida a titi, amma a fili zafi yana ratsa shi da wuri, kuma cinyewarsa tana ƙara sauri yayin da yake sirancewa. Ni ba na barin mota ta fita da fad ɗin da ya gaza rabi. Sabon fad kuma sai an gasa shi tukuna: a yi ta taka birki da matsakaicin ƙarfi ana ƙarawa, ba tare da tsayawa cak ba, har ya shimfiɗa siririn fatarsa a fuskar faifai, sannan a bar shi ya huce ana tafiya. Wanda ya tsallake wannan zai ga gazawa a zagaye na biyu ya ɗora wa fad laifi.

Da yawa daga masu matsala irin taka a nan tasu take ƙarewa. Idan ba ta ƙare ba, kada ka sayi komai sai ka auna. Bindigar auna zafi da ake haskawa bayan an shigo wurin ajiye motoci ba ta gaya maka abin da kake nema, domin kafin ka iso faifan ya riga ya zubar da ɗaruruwan digiri. Amfaninta kawai kwatanta hagu da dama. Abin da ke faɗar gaskiya fenti ne mai canza launi. Wanda kamfanin kayan birki na AP Racing ke sayarwa kala uku ne: kore yana juyawa a digiri 430, ruwan lemo a 560, ja a 610. Za ka goge gefen faifan, can bakinsa inda fad ba ya taɓawa, ka ja layi uku da ɗan buroshi kamar na kwalli, ka bar su su bushe. Bayan ka yi zagayenka ka dawo, sai ka durƙusa da tocila ka leƙa ta tsakanin ƙafafun wili. Idan kore ne kawai ya koɗe, birkinka ba ya cikin wahala, tiyo ba zai ƙara maka komai ba. Kore da ruwan lemo sun juya, ja yana nan, kana daidai wurin da fad ɗin fili yake so. Ukun duk sun juya, to kana buƙatar iska. A jikin kalifa kuma akwai 'yar takarda mai mannewa, mai ɗakuna-ɗakuna da ke baƙi ɗaya bayan ɗaya. Idan tana kaiwa wajen 200, robobin sil suna gasuwa, kuma za ka ga shaida: robar ƙurar da ke bakin fistin ta ƙone ta zama kamar gawayi, jar kalifa ta koma ruwan ƙasa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ɗauki faifan gaba ka duba shi ta gefe. Ba dunƙulallen ƙarfe ba ne, faranti biyu ne da haƙarƙari a tsakaninsu. Idan yana juyawa, waɗannan haƙarƙari suna aiki kamar fanka: suna zuƙo iska ta cibiya, su watsa ta waje ta baki. Yawancin fatar da ke sakin zafi tana can ciki, ba fuskar da kake gani tana ƙyalli ba. Matsalar ita ce cibiyar tana ɓoye a lungu, bayan hob (ƙarfen da ake ɗaure wili a kai) da boris da farantin ƙura, cikin wili, inda iskar da ke wurin ta riga ta yi zafi kuma ba ta motsi sosai. Fankar tana aiki, amma iskar murhu take zuƙa. Aikin tiyo gaba ɗaya shi ne ya kawo iska mai sanyi ya zuba ta a wannan cibiya. Duk tiyon da bai yi haka ba, ado ne.

Na taɓa yin wannan kuskure da hannuna, shi ya sa nake nanatawa. A motata ta farko da na shiga fili da ita, na ja tiyo daga bamba na ɗaure bakinsa a jikin ƙafar taya da igiyar roba, yana kallon fuskar faifan ta ciki, tazarar yatsa uku. Na koma gefe ina kallon aikina ina jin daɗi. Bayan fita biyu sai sitiyari ya fara rawa idan na taka birki. Da na kwance, fad ɗin ciki da na waje ba su ci daidai ba, fuskar waje ta yi shuɗi-shuɗi da ƙananan tsaga kamar busasshen tabki, ta ciki kuwa fes. Gefe ɗaya yana sanyi, ɗayan yana gasuwa, ƙarfen ya buɗe ba daidai ba, faifan ya ɗan lanƙwashe kamar faranti mai zurfi. Gyaran gangar auzinawa ke nan, na kashe kuɗi na ƙara wa kaina ciwo. A ɓangaren dama kuma tiyon ma bai kai labari ba: taya ta goge shi a lokacin da na murɗa sitiyari har ƙarshe wajen juyawa, ta huda shi, wayar da ke cikinsa ta warware ta fito kamar gashin da bai ga mataji ba.

Yadda ake yi daidai, a cire farantin ƙura a sa wani a madadinsa, na alminiyam ko na ƙarfe mara tsatsa, wanda ya rufe cibiyar faifan ta baya, da ɗan bututu a jikinsa inda tiyo zai shiga. Tazarar da ke tsakaninsa da faifan ta zama 'yan milimita kaɗan, yadda iskar ba ta da wata mafita sai ta cikin haƙarƙari. Bakin bututun ya faɗa cikin da'irar cibiya. Idan wuri ya yi ƙunci, a matse shi ya zama mai siffar ƙwai maimakon a bar rabinsa yana hura fuskar faifai. Wannan faranti shi ne rabin aikin, kuma shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa saboda sai an cire hob a wasu motocin.

Mashigar iska kuma a gaba take, a fuskar bamba, inda iska ke dukan mota kai tsaye. Ramin fitilar hazo yakan dace, kuma ba sai an yanka komai ba. Kusa da tsakiya ya fi can gefe inda bamba ta fara lanƙwasa, domin a wurin iska zamewa take yi ta wuce. Mazurarin da aka rataya a ƙarƙashin mota yana kamo iska, amma yana kamo tsakuwa da ruwa, kuma shi ne farkon abin da ke karyewa. Kada kuma ka saci iskar lagireto, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Ka sa raga mai manyan idanu a baki don tare dutse da tarkacen roba, mai ƙananan idanu tana cinye iskar da kake nema.

Faɗin tiyo yana da tasiri fiye da yadda ido ke gani. Na inci 3 ya fi na inci 2.5 faɗin ciki da kashi 44, ya kuma ninka na inci 2 fiye da sau biyu. Ka sa mafi girman da zai wuce ba tare da taya ta taɓa shi ba. Ya zama na silikon mai waya a ciki, aƙalla rabin da ke kusa da birki, domin baƙin roba na gama-gari yana narkewa a wurin. Cikinsa yana da gargada, don haka kowane lanƙwasa da kowane ƙarin tsawo asara ce, ka bi gajeriyar hanya. Sannan gwaji: mota a kan jak, murɗa sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama, ka sa wani jak a ƙarƙashin ƙafar taya ka ɗaga ta kamar yadda take matsewa a kwana, ka duba ko'ina da hannu. A bar wa tiyon ɗan sassauci ya bi taya, amma ba mai yawan da zai yi lilo ba. A motar da gaba ke ja, shaf ɗin da ke juya taya ya riga ya mamaye wurin da kake so, kuma wayar tiyo tana yanka robar shaf kamar reza. A irin waɗannan motoci sau da yawa sai an haɗa da ɗan bututu mai faɗi, shafaffe, a daidai inda taya ke wucewa.

Idan tiyo ya ƙi shiga, ko ba ka son wahalarsa a motar da kake hawa kullum, akwai matsakaicin mataki. 'Yan fuka-fukai ne na roba da ake maƙalawa a hannun ƙasa na taya, su kamo iskar da ke bi ta ƙarƙashin mota su karkatar da ita wajen birki. Porsche tana sa irinsu a 911 GT3, kuma masu wasu motocin sun daɗe suna saye suna ɗaurawa a nasu. Ba su kai tiyo ba, amma ba sa hujewa, ba sa hana sitiyari kaiwa ƙarshe, kuma ga wanda jan fentinsa ya ɗan fara juyawa kawai, sukan wadatar.

Cire farantin ƙura kawai, ba tare da an sa komai ba, yana ɗan taimakawa. Sai dai farantin ba ƙura kaɗai yake tarewa ba, garkuwa ce tsakanin jan ƙarfe da robar boljoyin, da ta kan tairod, da wayar ABS. Na sha ganin robar tairod ta tsage giris ya tsiyaye bayan rana ɗaya. In za ka yi, ka yanke farantin ka bar ɓangaren da ke kare waɗannan, ko ka naɗe su da tef mai ƙyalli na tare zafi.

Faifai mai huji-huji kuwa, bar shi wa masu ɗaukar hoto. A zafin fili, tsaga daga bakin huji take farawa, ta bi ta haɗe da na kusa. Mai tsagi-tsagi a fuska ya fi, yana share fad, ko da yake shi ma ba sanyaya ba ne aikinsa. Abin dubawa a faifai yana ciki: yawan haƙarƙarin, da faɗin hanyar iska, da siffarsu. Masu lanƙwasa sun fi miƙaƙƙu tura iska, amma suna da hagu da dama. Idan ka tsaya a gefen mota ka dubi saman faifan, haƙarƙarin ya tashi daga cibiya ya kwanta wajen bayan mota. Da haƙarƙari ake gane ɓangare, ba da tsagin fuska ba, kuma na ga makanikai ƙwararru sun juya su. Faifai mai gida biyu, zoben ƙarfe a kan hular alminiyam, yana barin zoben ya buɗe ya koma ba tare da ya lanƙwashe ba, yana kuma rage zafin da ke gangarawa boris. Ƙananan tsaga a fuska ba abin tsoro ba ne a faifan fili. Wadda farce ke maƙalewa a cikinta, ko ta kai baki, ta gama da faifan a ranar.

Siririn farantin taitaniyam da ake sawa a bayan fad, mai kaurin rabin milimita zuwa ɗaya, ba ya sanyaya komai. Taitaniyam ba ya wuce da zafi kamar ƙarfe, ya gaza shi sau shida ko bakwai, don haka yana jinkirta abin da ke shiga fistin. Ga mai matsalar tafasar mai irin taka yana da amfani, kuma ba shi da wahalar sawa. Amma zafin da ya tare bai ɓace ba, ya koma cikin fad da faifai. Wanda fad ɗinsa ne ke gazawa, wannan ƙara masa zai yi. Tiyon birki mai saƙar waya shi ma haka, yana gyara yadda feda ke ji a ƙafa, bai taɓa rage digiri ɗaya ba.

Wili mai buɗaɗɗun ƙafafu yana barin iska mai zafi ta fita, kuma wannan tsohon ilimi ne: Porsche 935 ta shekarun 1970 da faranti mai fanka a kan wili take tsere, don zuƙo zafi waje. Fankar lantarki a cikin tiyo kuma motocin tseren NASCAR na Amurka suna amfani da ita a gajerun filaye irin Martinsville, inda birki ba ya hutawa kuma gudun bai isa ya turo iska ba. A fili mai dogayen hanyoyi, fankar tana iya zama cikas ga iskar da gudu ke kawowa kyauta. Ruwa ma ana amfani da shi, manyan motocin tsere na Turai da shi suke sanyaya birki, domin lita ɗaya idan ta zama tururi tana tafiya da kilojul 2,260, fiye da takun nan naka da muka lissafa. Har abin dariya ya taɓa faruwa a kansa: a tseren Formula 1 na Brazil a 1982, an soke na ɗaya da na biyu, Nelson Piquet da Keke Rosberg, saboda tankunan "ruwan sanyaya birki" da ake zubarwa tun farkon tsere don mota ta yi sauƙi, a sake cikawa kafin awo. Kai dai ban ba ka shawararsa ba. Ruwa a kan jan ƙarfen zubi tsaga yake kawowa in ba feshi ne mai laushi a cikin tiyo ba, kuma masu kula da fili ba sa wasa da motar da ke ɗigar da wani abu a hanya.

Sanyi ma yana yin yawa. Fad ɗin fili da ya huce a doguwar hanya ba ya kamawa a takun farko, kuma faifan da ke hawa da sauka tsakanin zafi mai tsanani da sanyi kowane zagaye ya fi saurin tsagewa a kan wanda ya zauna a tsakiya. Ranar sanyi ko ruwan sama, ko a fili mai kwanoni masu gudu irin Silverstone na Ingila, za ka iya toshe rabin mashigar da tef. A Monza ta Italiya, inda ake taho da gudu a daki birki, sai a buɗe duka. Ka toshe hagu da dama daidai wa daida, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe. A titi kuwa ka rufe su gaba ɗaya.

Akwai kuma rabon ƙafarka a ciki. Sabon shiga yakan fara taka birki da wuri, a hankali, ya daɗe a kai. Zafin da ya tara kusan ɗaya ne da na wanda ya taka da ƙarfi ya saki, amma ya cinye lokacin da faifan zai sha iska, ya kuma bar fad manne da ƙarfe yana shan zafi yana miƙa wa mai. Taka da ƙarfi, gajere, ka sauka. Bayan zagaye huɗu masu zafi ka yi ɗaya na hutu, ba wanda ke ba da kofi a irin wannan rana. Kafin ka shigo, zagaye guda cikakke kusan ba birki. Da ka tsaya kada ka ja birkin hannu, kada ka bar ƙafa a kan feda, sa giya ko ka tare taya da katako, bayan minti ɗaya ko biyu ka ɗan tura motar taku guda don kada wuri ɗaya na faifan ya dahu a ƙarƙashin fad. Rawar sitiyarin da ake cewa faifai ya lanƙwashe, sau da yawa hoton fad ne da ya manne a wuri ɗaya, za ka gan shi da idonka, da siffarsa da komai. Kuma sau da yawa a tsayen nan mai yake tafasa, lokacin da iska ta ɗauke zafi ya taru, don haka ka taka feda ka ji ta kafin ka sake fita.

Ka leƙa tayoyin baya ma. Na'urar hana zamewa tana taka birkin taya ɗaya-ɗaya ba tare da ka sani ba, wasu motocin kuma da birki suke hana tayar ciki juyawa a banza wajen fita kwana. Idan ka ga fad ɗin baya yana cinyewa kamar na gaba, ita ce. Ba na ce ka kashe ta ba tun hannunka bai nuna ba. In motar tana da matsayi na tsakiya, sa ta a nan, sannan ka gyara tuƙin da ke sa ta shiga.

Manyan kalifa da faifai suna da ranarsu. Idan mai sabo ne, fad na fili ne mai kauri, iska tana shiga cibiya ta faranti mai kyau, amma jan fenti yana fari kowane fita kuma faifai ba ya wuce kwana biyu ko uku na fili bai tsage ba, to ƙarfen ya yi wa nauyin motar da gudunka kaɗan. A nan ma faifan kake saye, faɗinsa da kaurinsa da haƙarƙarinsa, ba yawan fistin ba. Ka tabbata jimillar faɗin fistin ɗin ta yi kusa da ta asali, in ba haka ba feda za ta ƙara tsawo, rabon birki tsakanin gaba da baya ya karkace, ABS ta rikice. Masu ƙera su sukan ba da zanen gwaji da ake bugawa a takarda. Ka manna shi a kwali, ka yanka, ka cire wili ka kifa shi a ƙasa ka sa kwalin a ciki, ka ga ko kalifar za ta wuce bayan ƙafafun wilin da tazarar milimita 3 aƙalla, kafin ka biya.